Bulala da kulki

Ina ɗan firamare jami'an tsaro suka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy ta Yamai, ranar 9 ga Fabrairu 1990. Har yau ɗalibai na juyayinsu kowace shekara, suna neman a hukunta masu laifin.

A 2017, bidiyon ƴan sanda suna jibgar wani ɗalibi ya bazu a wayoyi. Wannan karon kotu ta ɗaure uku daga cikinsu shekara guda.

Ni a lakol, in na ji wa yaro ciwo, iyayensa za su zo, insifekta ya kira ni. Tsoron nan ne ya raba ni da bulala, ba kirkina ba. Mai kulki da bindiga ma ya kamata ya san akwai mai tuhumarsa, ko da ba wanda ya ɗauki bidiyo.