Gidan Man da Ya Ba Ni Shayi a Turkiyya

Riɗi ne ya kai ni Turkiyya. Shekara da shekaru ina auna shi a kasuwar Dawanau, ina ganin tireloli suna ɗauka zuwa Legas, ban taɓa sanin bakin da yake ƙarewa ba, sai da wani mai saye ya gayyace ni. Amma labarin riɗin ba shi ne ya fi tsaya mini a rai ba. Gidan mai ne.

Mun taso daga Istanbul za mu Ankara cikin hunturu. Wajen duwatsun Bolu ƙanƙara ta lulluɓe ko'ina fari fat kamar an zazzage buhunan gari. Sanyin da muke kuka da shi a Kano lokacin da hazo ya sauka, ashe wasan yara ne. Direba ya karya kan mota ya shiga wani gidan mai ja jawur, a jikin allonsa hoton kan kyarkeci yana furzar da wuta. Na leƙa ina neman layi. Babu. Na waiga bakin titi ko zan hangi 'yan bumburutu da galan-galan da mazurari. Ko ɗaya.

Wani saurayi ya zo da gudu, ya danna lambar motarmu a na'ura, sannan ya sa bututu. Da aka miƙo rasit, ga lambar motar a jiki. Ni da na taɓa kwana biyu a layin wani gidan mai a hanyar Katsina, aka ce mai ya ƙare saura mota uku a zo kaina, sai na tsaya baki buɗe. Kafin in rufe, an ɗora mini shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi mai siririn ƙugu, baƙi, da zafi, ba madara. Na laluba aljihu. Saurayin ya dafa ƙirji ya ce, "Haji," ya girgiza kai.

Tafintana ya ce sunan kamfanin Petrol Ofisi. Gwamnati ce ta kafa shi a 1941, aka sayar wa 'yan kasuwa a 2000, yanzu kuma yana hannun kamfanin Vitol tun 2017. A 2024 ya haɗiye gidajen man BP na ƙasar baki ɗaya, kusan 770, shi ya sa aka shiga sauke koren allon BP ana ɗaura ja. Na ce masa mu ma mun ga irin wannan, don a 2022 NNPC ta sayi gidajen Oando ta sauya musu fenti. Shayin ne dai bai iso mu ba.

Kishiyarsu kuwa, Opet, da banɗaki ta yi suna. Wallahi banɗaki! Tun shekarar 2000 take gangamin tsabtace shi, har matafiya kan wuce gidajen mai uku don su tsaya a nata. Na shiga ɗaya a hanyar dawowa. Fitila ta kunna kanta. Famfon ba shi da abin murɗawa. Na shafa, na danna, na ɗan buga shi, shiru, sai da wani dattijo ya kama hannuna ya kai ƙarƙashinsa, ruwan ɗumi ya zubo. Ga ɗan masallaci a gefe da kafet mai laushi, ga kanti, ga wurin wankin mota, ga famfon gas, don motoci da yawa a can gas suke sha. Har mata na gani cikin kayan aiki suna zuba mai.

A kantin na sayi wani zagayayyen burodi kamar awarwaro, simit suke ce masa, an barbaɗe shi da riɗi gaba da baya. Na gutsura, na tattara ƙwayoyin da suka zubo a tafin hannuna ina jujjuya su da yatsa kamar yadda nake yi a bakin buhu. Tafinta ya tambaye ni me nake dubawa. Na ce ina so in gane ko na Jigawa ne ko na Binuwai.