Daga Unguwar Gano Zuwa Samaru, Bin Sawun Guguwar Rana

Da hantsi na hau adaidaita sahu daga Unguwar Gano zuwa tashar Unguwa Uku, naira 300. Kuɗin mota zuwa Zariya 5,000, tafiyar kilomita kusan 150. Muka bi ta Kura, gonakin shinkafa kore shar hagu da dama, sai Kwanar Dangora inda masu talla suka yi mana caa. Kafin mu kai Kwangila a Zariya, bayan awa biyu da rabi, ƙafafuna sun sage.

Hotuna ne suka taso ni. Daren 10 ga Mayu 2024 sama ta rine da ja har Meziko, sanadin guguwar maganaɗisu mafi ƙarfi tun 2003. Mu a Kano ko ƙyalli. A Samaru na sami wani malamin kimiyya, na ce, "Malam, mu an tsallake mu ke nan?"

Ya jawo takarda ya zana duniya da doguwar wutsiya ta ɓangaren dare. Iskar da rana ke fesowa, in ji shi, ita ke jan maganaɗisun duniya ya miƙe haka. In ya ɗame sai ya saki kamar danƙo, haske ya ɓarke a saman Norway da Alaska, cikin awa ɗaya zuwa uku ya lafa. Wannan ce ƙaramar guguwa, wadda Bajapane Akasofu ya fayyace a 1964. Babbar kuwa kwanaki take yi. Zoben lantarki ne ke kumbura kewaye da ƙugun duniya, ya rage ƙarfin maganaɗisu a ƙasa. Da an ɗauka ƙananan ne ke taruwa su haifi babbar, amma sau da yawa ƙaramar kan auku ita kaɗai, shi ya sa har gobe masana ke ja-in-ja.

Abin da ya ba ni mamaki, tasirin zoben a ƙasashe masu zafi ya fi fitowa, kuma layin tsakiyar maganaɗisun duniya ta arewacin Najeriya ya ratsa. Tun a shekarun 1950 masani Cyril Onwumechili ya fara nazarin lantarkin da ke gudana a samansa. Irin wannan guguwa kan rikita GPS, har ta wayoyinmu.

Da la'asar na kamo hanyar Kano, takardar Malam a aljihuna.