Gwangwanin Fenti da Rayuwarsa ta Biyu

A ƙasar Tasawa da Mayahi, ba a san gwangwani da mutuwa ba. Na tumatir yakan koma fitilar aci-bal-bal a hannun maƙeri, na madara ya zama ma'aunin mai, babba kuwa a ɗaura masa igiya ya zama guga. Wannan tattali abin yabo ne, kuma ya girmi duk wani kira da ake yi a yau na a riƙa sake sarrafa shara. Sai dai a cikin gwangwanayen akwai ɗaya da bai kamata a yi masa kallon sauran ba, shi ne na fenti.

Kafin fentin kanti ya shigo, magina da matan gida suna da nasu kayan ado. Ana shafe ɗaki da farar ƙasa, a yi wa bango zane da jar ƙasa, a jiƙa ɓawon ɗorawa a sami makuba wadda ke ƙarfafa daɓe da katanga. Duk waɗannan daga ƙasa da itace suka fito, idan sun yi saura aka watsar a bayan gida, sun koma inda suka fito ke nan. Da siminti da ƙofofin ƙarfe suka yawaita, sai fenti ya karɓi wurin, amma hannun da ke watsar da saura bai sake hali ba. Kayan ne suka canja, al'adar zubarwa tana nan yadda take.

Fenti iri biyu ne a kasuwa. Akwai na ruwa, wanda ake shafa wa bango, akwai kuma na mai, mai ƙyalli, wanda ake yi wa ƙofa, taga, gado da teburan makaranta, ana tsinka shi da kananzir ko fetur. Na biyun ya fi haɗari, domin a cikin irinsa ne ake samun dalma, musamman a launin rawaya da ja. Ba kowane fenti ke ɗauke da ita ba, amma ido ba ya rarrabewa, kuma sau da yawa rubutun jikin gwangwani ba ya faɗa. Duniya ta daɗe da sanin wannan: tun 1921 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniyar taƙaita amfani da farar dalma a aikin fenti, Amurka kuma ta hana fentin gida mai dalma a 1978. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotse ninki 4 zuwa 5 na abin da jikin babba ke tsotsa daga abin da ya haɗiya. Ƙasar Hausa ta ga aikin wannan guba a 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Can daga dutsen zinariya dalmar ta fito, amma gubar ɗaya ce. Wadda ke cikin fenti ba ta kisa da gaggawa haka. A hankali take dushe ƙwaƙwalwa, har yaro ya zauna a aji ana ce masa daƙiƙi alhali ba a san abin da ya ci shi ba.

To, ina gwangwanin yake zuwa bayan mai fenti ya gama? Uwargida takan ce: “Malam, a bar mini shi, ya yi daidai da ɗiban ruwa.” Sai a ɗauraye shi da toka, a zuba gero, ko a jiƙa tsamiya, ko a dama kunu a ciki. Zafi da tsami kuwa su ne ke saurin narkar da abin da ya manne a ƙarfe. Ragowar fentin da kananzir ɗin wanke buroshi kuma a tuttule su a kwata. Yashin wannan yanki ba ya riƙe abin da aka zuba masa. Abin da bai nutse ba, ruwan damina ya kwashe shi zuwa tafkunan Tasawa, inda dabbobi ke sha, yara ke wanka, ko zuwa kwarin Gulbin Kaba, inda Mayahi take da rijiyoyinta da goribarta. Wasu kuma sukan ƙona gwangwanin don ya yi fes, hayaƙin ya bi iska, tokar ta zauna a tsakar gida inda jariri ke rarrafe.

Gyaran bai fi ƙarfin kowa ba. Da farko a auna bango kafin a je kanti, don kada a sayi abin da ya wuce bukata. Idan an sami saura mai kyau, a rufe murfin sosai, a ajiye a inuwa nesa da wuta da yara, ko a ba maƙwabci ya ƙarasa ƙofarsa. Fentin ruwa da ya lalace a cakuɗa shi da yashi ko dusar katako, a bar shi a buɗe har ya daskare, sannan ya tafi juji. Na mai kuwa kada a zubar, kada a ƙona. Gara a ƙarar da shi a jikin ƙarfen da ke waje. Kananzir ɗin wanke buroshi idan aka bar shi ya kwanta, sai a tsiyaye na sama a sake aiki da shi. Gwangwanin da ya bushe yana iya ɗaukar ƙusoshi, ko kwaɓin siminti, ko a sayar wa masu sayen tsofaffin ƙarafa, domin ƙarfe ana narkar da shi a sake ƙera shi ba iyaka. Kafin a rabu da shi, a huda gindinsa da ƙusa. Huda uku sun isa su hana shi komawa guga ko tukunya har abada.

Nijar tana da dokar kula da muhalli tun watan Disamba na 1998, amma doka ba ta leƙa madafa. Malamin makaranta ne ke iya kai maganar can, ta bakin ɗalibin da zai koma gida ya tambayi abin da ke cikin bokitin kunu a da. Ƙungiyoyin al'adu ma suna da wasan kwaikwayo da gidajen rediyon karkara, kuma jama'a sun fi riƙe abin da suka gani suka yi dariya. Ba a bukatar a koya wa Bahaushen Tasawa ko na Mayahi tattalin gwangwani, ya riga kowa iyawa. Abin da ya rage shi ne ya san wanda zai kai rijiya da wanda zai huda.