Tsofaffin Kuɗi a Ƙasar Bade: Daga Jakusko Zuwa Nguru

Matafiyin da ya bar Potiskum ya nufi arewa zuwa Gashuwa, ba makawa ya ratsa Jakusko, ƙasar Badawa masunta da manoma da Fulani makiyaya. A cikin wannan ƙasa Gogaram take, tsohuwar fadar Mai Bade kafin a mai da ita Gashuwa a 1946. Wanda ya lura da adon matan Fulani a kasuwannin yankin zai ga tsofaffin kuɗi an jera a kitso ko a wuya, a gidaje kuma ba a rasa kwabo mai huda cikin adudun tsofaffi.

Yawancin kuɗin nan ciniki ne ya kawo su. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta isa Nguru daga Kano a 1930, gyaɗa da ƙaro da fatu suka riƙa tafiya kudu, anini da ɗari da kwabo da sule kuwa suna kwararowa ƙauyuka. Kafin su akwai wuri da liyari na azurfa wanda Barno ta daɗe da sani. An yi ta amfani da kuɗin Turawa har Nijeriya ta buga nata a 1959, sa'an nan naira da kobo suka zo ran 1 ga Janairu, 1973.

To, abin da ya kamata mai riƙe da irin waɗannan ya sani shi ne, tsufa kaɗai ba ya sa kuɗi tsada a wurin masu tara su. Ƙaranci suke bi, da kyan jiki. Dubi liyari: shekarar 1780 ke jikinsa, amma an ci gaba da buga shi da wannan shekarar har zamaninmu, don haka galibi nauyin azurfarsa ake saye. Haka kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas. A Ingila ba a taɓa cefane da kuɗi mai sunansa ba, gama ya yi murabus tun kafin su fito, amma na Afirka ta Yamma an buga shi jingim, shi ya sa yake da araha. Aninin sanholo na 1907 kuwa, wanda ke cikin kuɗin sanholo na farko a duniya, an daina shi a 1908 saboda yana ciwuwa, mai kyau a cikinsa sai an tona.

Ƙasar Sin ma ta isa misali. Yuwan ɗinsu mai hoton Babbar Ganuwa, wanda aka buga daga 1980 zuwa 1986, jariri ne a kan aninimmu. Amma na 1986 ba a sake shi kasuwa ba, kaɗan aka yi don masu tarawa, yau ya fi ɗimbin kuɗin da suka shekara ɗaruruwa tsada.

Saboda haka, jama'ar Jakusko, in dillali ya zo neman tsohon kuɗi, a duba shekarar tukuna, a tambayi wanda ya sani. Kada a goge shi da toka, kada a huda shi, kada a kai wa maƙeri ya narke, domin duk wannan yana zubar da darajarsa. Wanda ba shi da tsada ma a adana wa yara, su ga abin da kakanninsu suka biya haraji da shi.