Jam'in Turanci a ma'aunin ɗalibin nahawu

Duk wanda ya karanta Ajurrumiyya a gaban malami ya san jam'i salim, wanda ake yi wa kalma ƙari a ƙarshe ba tare da an taɓa jikinta ba, ya kuma san jam'in taksir, wanda ake karya kalmar a sake gina ta, kamar kitab da kutub. Da wannan ma'auni nake duban Turanci tun da aka ɗora mini rubuta wasiƙun maigida zuwa ofisoshin gwamnati a nan Gana.

Galibin jam'in Turanci salim ne. A sa s a ƙarshe, shi ke nan: cedi ta zama cedis. In kalmar ta ƙare da s, x, ch ko sh, sai a sa es, domin harshe ya samu wurin numfashi: box, boxes. In ta ƙare da y bayan baƙi, sai y ta koma ies, kamar family da families. Bayan wasali kuwa ba a taɓa ta, day sai days. Taksirinsu bai taka kara ya karya ba: man da men, foot da feet, da 'yan kaɗan. Mu da muke cewa gida gidaje, littafi littattafai, ban ga abin da zai firgita 'ya'yanmu a nan ba.

Inda ake zamewa shi ne harafin f. Ɓarawo thief ne, ɓarayi thieves. Wuƙa knife, wuƙaƙe knives. Sai yaro ya yi ƙiyasi ya rubuta chieves, alhali chief daga Faransanci ta shigo, ba ta bi wannan tsohuwar ƙa'ida ba. Chiefs ake rubutawa, kamar yadda yake a sunan majalisar sarakuna ta ƙasa da ke Kumasi, National House of Chiefs. Takardar da ta fita da hatimin Sarkin Zango, a ce jam'in sarakuna ya kusa rikiɗewa na ɓarayi, ai ma'aikacin da ya karɓa ba marubucin zai raina ba, dukan zango zai raina. Haka ɗan waƙafin sama da ake cusawa: chief's na nufin abin sarki guda, ba sarakuna ba.

Su ma jaridun Turanci suna yi wa kalmominmu irin wannan. Fulani a Hausa jam'i ne tun asali, tilonsa Bafillace, amma sai ka ga an rubuta Fulanis, an ɗora wa jam'i wani jam'in.