Daga Buhun Yuriya Zuwa Bakin Maƙera

Manomin Ɗambatta ya san naitirojin ta buhun Yuriya, takin da kashi 46 cikin 100 na nauyinsa wannan sinadari ne. Maƙerin da ke ƙera masa garma shi ma da zai amfana da shi, amma ta wata fuska.

Damuwar maƙeri tsohuwa ce. Ƙarfen da yake huda jan ƙarfe da shi yakan sha zafi har taurinsa ya saki, bakinsa ya dakushe, aiki ya tsaya ana tsakiyar damina. Sau da yawa guntun ƙarfen tsohuwar mota ne, wanda ba don wuta aka yi shi ba.

Masana'antun da ke matsa ƙarfe mai zafi cikin mazubi suna fama da wannan matsala, shi ya sa suke amfani da ƙarfe irin H13, mai kuromiyom kusan kashi 5 cikin 100, da molibdinom da banadiyom. Idan aka ƙara masa naitirojin ɗan kaɗan, sai ya haɗu da banadiyom su zama ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ba sa saurin girma ko da zafi ya doshi digiri 600. Su ne ke tokare cikin ƙarfen, su jinkirta laushinsa.

Wahalar tana wajen awo. In naitirojin ya yi yawa, yakan bar ramukan iska lokacin daskarewa, ƙwayoyin su yi gwaɓi, mazubin ya tsage maimakon ya jure duka. Wannan awo kuwa sai tukunyar narkarwa ta masana'anta. Zugazugi da gawayi ba su kai nan ba.