Ranar da muka ga ɓarawon tumatir a Samaru

Da hantsi motar makarantarmu ta tsaya a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya. Mun zo da tsaraba a leda: tushen tumatir uku daga gonar mahaifin ɗaya daga cikinmu a Kadawa. Ya yi ban ruwa, ya zuba taki har sau biyu, amma da rana ta take sai ganyen ya yi yaushi.

A ɗakin gwaje-gwaje wata malama mai farar riga ta wanke saiwoyin, ta nuna mana kumburi birjik a jikinsu. "Yara, ɓarawon yana ciki," in ji ta. Tsutsar saiwa ce, wadda masana ke kira nematod. 'Ya'yanta ba su wuce rabin milimita ba, ido ba ya ganinsu.

Mun zaci wata babbar na'ura za a kunna. Ashe faranti ne da rariya da tishu! Malamar ta yayyanka saiwar gajeru-gajeru, ta baza a kan tishun da ke cikin rariya, ta ɗora a farantin ruwa. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu tsutsotsin kan ratsa tishun su kwanta a ƙasan ruwan. Dabarar ta samo asali ne daga mazurarin da wani likita mai suna Baermann ya yi amfani da shi a 1917.

Sai dai macen da ta girma ba ta motsi, don haka ba ta fitowa ta wannan hanya. Ƙwanta ake nema: a girgiza saiwar cikin ruwan bilic da aka surka sosai na minti huɗu, a tace da rariya mai ƙananan huji, a ɗauraye nan take.

Da yake ba za mu kwana ba, ta ɗebo ɗigo daga farantin jiya ta sa a na'urar ƙara girman abu. Muka yi layi. Ga su nan kamar zare suna mutsu-mutsu, kowace da ɗan tsinke a baki, wanda take huda saiwa da shi.

A hanyar komawa abokinmu ya yi ta bitar saƙon babansa: taki ba zai magance wannan ba. A tuge tsoffin saiwoyi a ƙone, a hutar da filin daga tumatir da kuɓewa, a nemi iri mai juriya.